BEPC da BAC: Yadda ɗalibi zai raba lokacinsa kafin a ce "a ajiye bik"

Duk shekara idan lokacin jarabawa ya zo, wajajen Yuni zuwa Yuli, akwai wata magana da ba ma rasa ji a bakin cibiyoyin jarabawa na nan Diffa. Yaro zai fito yana share gumi, uwa ko yaya na jiran shi a inuwar bedi, a tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce: "Wallahi na san amsar, lokaci ne bai ishe ni ba." Wasu iyaye na ɗaukar wannan a matsayin uzurin raggo. Mu kam da muka taɓa zama a kan waɗannan bencina, mun san sau da yawa gaskiya yaron ke faɗi. Ya yi karatu, ya san abin, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake raba awa biyu ko awa huɗu a kan takardar tambayoyi.

Shi ya sa yau muka tsaya a kan wannan batu, domin ƴan ajin turwaziyem masu shirin BEPC da ƴan tarminal masu shirin BAC, tun daga Lise Idriss Alaoma ta cikin gari har zuwa makarantun Maine-Soroa, Shetimari, Gudumariya, Ngigmi da Bosso. Maganar guda ce: lokacin jarabawa ana raba shi ne tun kafin a fara rubutu, kuma makin da aka sa wa kowace tambaya shi ne ma'aunin rabon.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar yaran jaharmu

Takardar tambayoyin BEPC da ta BAC ta ƙasa baki ɗaya ce. Abin da aka ba yaron Yamai shi ake ba yaron Geskeru, kuma awoyin ɗaya ne, ba a ƙara wa kowa ko minti guda. To amma hanyar da suka biyo kafin su iso ɗakin jarabawar ta bambanta.

Tun daga hare-haren watan Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, makarantu da yawa na bakin kogin Komadugu sun rufe ko an ɗauke su daga inda suke, iyalai sun taso sun zauna a bakin kwalta, yara sun yi asarar watanni, wasu ma shekaru. Ga kuma ambaliyar Komadugu, irin ta 2019 da ta 2022, wadda ta raba mutane da gidajensu a daidai farkon shekarar karatu. A 2024 ma, saboda ambaliyar da ta shafi ƙasa baki ɗaya, sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga watan Oktoba. Yaron da ya biyo ta irin wannan hanya, ba abin mamaki ba ne ya buɗe takarda ya tarar da tambaya a kan darasin da ajinsu bai kai gare shi ba, ko wanda aka yi shi a gurguje. Idan bai san yadda ake tsallake irin wannan tambaya ba, a kanta zai ƙone rabin lokacinsa.

Sannan ga batun harshe. Yawancin yaranmu a gida Barbarci suke yi, ko Fillanci, ko Hausa, ko Tubanci, ko Larabci, a ɗakin jarabawa kuma da Faransanci za su karanta, su yi tunani, su rubuta. Wannan na cin lokaci, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ake so shi ne a sa shi cikin lissafi.

Abin da ke gaba kuwa ba ƙarami ba ne. Mai BEPC ya samu hanyar lise ko makarantar koyon sana'a. Mai BAC ya samu ƙofar jami'a, ko ta nan Diffa da aka kafa a 2014, ko ta Damagaram, ko Abdou Moumouni ta Yamai. Wanda ya faɗi kuwa, ba kowane gida ne ke da halin sake ɗaukar nauyin wata shekara ba, kuma kowa ya san ƴa mace ce ta fi saurin jin an ce "karatun ya isa haka nan".

Minti nawa ne kuɗin maki ɗaya?

Mu ɗauki misali daga abin da kowa ya sani a nan. Manomin tattasai a bakin Komadugu ya tashi da safe da litar mai biyar a injin ban-ruwa, gonarsa kuma fangali ashirin ce. Ba zai buɗe wa fangalin farko ruwa ya tsaya kallo har man ya ƙare ba, don kawai shi ne ya fi kusa da injin. Tun kafin ya ja igiya ya san abin da kowane fangali zai samu. Ɗalibi a ɗakin jarabawa haka yake: mintunansa su ne man, maki 20 ɗin da ake gyara takarda a kai su ne fangalin.

A galibin takardun tambayoyi, musamman na lissafi, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, ana rubuta makin kowane sashe a gefensa. Wannan shi ne barem. Yara da yawa ba sa ko kallon shi, alhali shi ne ke faɗa musu inda ya kamata lokacinsu ya tafi.

Ga yadda lissafin yake. Idan jarabawar ta awa 2 ce, minti 120 ke nan. A cire minti 10 na karanta takarda a farko, a cire minti 10 na sake dubawa a ƙarshe. Saura 100. A raba 100 gida 20, kowane maki ɗaya ya tashi a minti 5. Ke nan tambaya mai maki 2 haƙƙinta minti 10 ne, mai maki 4 minti 20, mai maki 10 minti 50.

Idan ta awa 3 ce, minti 180, a cire 20, saura 160, kowane maki ya samu minti 8. Idan ta awa 4 ce, minti 240, a cire 20 a farko da 20 a ƙarshe, saura 200, kowane maki minti 10. Lambobi uku ne kawai za a riƙe: 5, 8, 10. Ko yaron da ba ya son lissafi zai iya haddace su.

Sai a mai da wannan lissafi zuwa agogo. A ce an fara takardar lissafi ƙarfe 8:00, ta awa 2, da aiki na farko mai maki 4, na biyu mai maki 6, da babban aiki mai maki 10. Ɗalibi zai rubuta a saman takardar buruyonsa, wato takardar gwaji da ake ba shi:

8:00 zuwa 8:10, karatu.
8:10 zuwa 8:30, aiki mai maki 4.
8:30 zuwa 9:00, aiki mai maki 6.
9:00 zuwa 9:50, babban aiki.
9:50 zuwa 10:00, dubawa.

Rubuta wannan ba ya cin minti biyu. Amfaninsa shi ne, duk sanda ya ɗaga kai ya kalli agogo, nan take zai san ko yana kan hanya ko ya makara, ba sai ya tsaya wani sabon lissafi cikin firgici ba.

Minti goman farko

Da an raba takardu, ɗaki zai yi tsit, sai ƙarar bik. Yaro ya ga na kusa da shi ya duƙufa, sai gabansa ya faɗi, shi ma ya kama rubutu tun bai kai ƙarshen shafin farko ba. A nan ake fara asara. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

A cikin mintunan farkon nan abu huɗu ake so. Na ɗaya, a juya takardar gaba da baya, a tabbatar shafi nawa ne. Akwai wanda sai saura minti biyar a tashi yake gano akwai tambayoyi a bayan takarda. Na biyu, a karanta komai daga sama har ƙasa, ba tare da an fara amsawa ba. Na uku, a sa alama a gefen kowace tambaya: wadda na sani sarai, wadda na ɗan sani, da wadda ban san ta ba. Na huɗu, a ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni. Idan an ce "citer", jero abubuwa kawai ake so, layi biyu ko uku sun isa, wanda ya cika rabin shafi da bayani ya ba da lokacinsa kyauta. Idan kuma an ce "expliquer" ko "justifier", to dalili ake nema, jero suna kaɗai ba zai kawo cikakken maki ba.

Daga nan sai a fara da abin da aka fi sani. A mafi yawan darussa ba dole ba ne a bi ayyukan a jere yadda suka zo. Ana iya fara aiki na uku kafin na ɗaya, muddin an rubuta lambarsa a fili yadda mai gyara ba zai yi ta lalube ba. Fara da mai sauƙi na da amfani biyu: makin ya riga ya shiga aljihu, sannan hannu ya daina rawa, hankali ya kwanta. Sai dai a kula, mai sauƙin ma yana da nasa tarkon. Yaro ya samu tambayar da yake so, sai ya yi ta zuba duk abin da ya sani, ya manta maki 2 ne kawai a kanta. Komai kyan amsar, mai gyara ba zai ba da fiye da abin da barem ya ce ba.

Idan tambaya ta cije

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, domin ba ilimi kaɗai ke aiki ba, har da zuciya. Ɗalibi ya ba tambaya minti goman da ya ware mata, ba ta fito ba. Zuciya za ta ce masa: ka riga ka ɓata minti goma, ƙara biyar, ai ta kusa. Biyar ta zama goma, goma ta zama ashirin. Kafin ya farga an ce saura rabin awa, ga babban aiki bai taɓa ba.

Dokar ita ce: lokacin tambaya ya cika, a bar fili a takarda, a sa alama a buruyon, a wuce. In an gama sauran, a dawo. Sau da yawa ma idan aka dawo sai a ga abin da ya ɓuya ɗazu ya fito fili.

Dalilin wannan doka a lissafi yake. A kowane aiki, makin farko-farko sun fi arha. Tambayoyin farko na aiki galibi masu sauƙi ne, na ƙarshe su ne masu tsauri. Ɗaga aiki daga sifili zuwa maki 3 cikin 5 na iya ɗaukar minti goma, amma ɗaga shi daga 4 zuwa 5 na iya cin minti ashirin kuma a ƙarshe ba a samu ba. Wanda ya taɓa ayyuka huɗu ya samu 3 cikin 5 a kowanne yana da maki 12. Wanda ya gama biyu tsaf ya bar biyu fari fat yana da 10, in ma bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Akwai kuma wata dabara ga masu lissafi da fizik. Idan tambaya ta ce "montrer que" ko "démontrer que", to an riga an ba ka amsar a cikin tambayar, hanyar kai wa gare ta ake nema. In ka kasa samo hanyar, ba a ce aikin ya mutu ba. Ka rubuta cewa ka amince da wannan sakamako, ka ɗauke shi ka yi tambaya ta gaba da shi. Makin tambaya ɗaya ka rasa, sauran na nan.

Haka nan kada a raina rabin amsa. Mai gyara na duba hanyar da aka bi, ba lambar ƙarshe kaɗai ba. Idan ka san ƙa'idar da za a yi aiki da ita, rubuta ta. Idan ka iya zana hoton, zana shi. Fili fari ne kawai ba ya da maki ko kaɗan. Da babu gara ba daɗi.

Ga wanda ya tarar da darasin da ba a taɓa koya musu ba, shawarar ita ce kada ya tsaya jin haushi. Ya bar shi zuwa ƙarshe, ya kwashi mintunan da ya kamata ya ba shi ya ƙara wa ayyukan da ya sani, don ya fitar da su ba kuskure.

Darussan dogon rubutu

Filozofi da Faransanci na BAC, da rubutun insha'i na BEPC, nasu rabon daban ne, domin batu ɗaya ake zaɓa a yi ta rubutu a kai. A nan abubuwa biyu ne ke cinye lokaci: jinkirin zaɓe, da buruyon.

A BAC ana ba ɗalibi batutuwa ya zaɓi ɗaya. A ba zaɓen minti 15. A karanta kowanne sau biyu, a tambayi kai: a kan wanne nake da hujjoji da misalai a hannu yanzu? Da an zaɓa an zaɓa. Wanda ya yi awa ɗaya a kan batu sannan ya ce bari in koma wancan, ya mai da jarabawar awa huɗu ta koma ta awa uku da hannunsa.

Batun buruyon kuwa, ɗaya daga cikinmu a nan gidan rediyo har yau bai manta ba. A wata jarabawar gwaji ta rubutu, ya zauna ya tsara komai a buruyon, tun daga gabatarwa har kammalawa, yana gogewa yana gyarawa, abin ya yi kyau. Sai da sirbeyan ya ce saura minti 25 sannan ya fara kwafewa a takardar amsa. Yana tsakiyar sashe na biyu aka karɓe takardu. Rubutun da ya fi kyau a ranar ya koma da shi gida cikin aljihu, domin buruyon ba a gyara shi, ba a ba shi maki.

Abin da ake rubutawa a buruyon shi ne tsarin aiki, wato manyan sassa da hujjar kowane sashe da misalinta a taƙaice, sai gabatarwa da kammalawa a cike. Jikin rubutun kai tsaye ake yin shi a takardar amsa, ana kallon tsarin. Rubuta kammalawa tun da wuri na da dalili: idan lokaci ya ƙure, kwafe ta kawai za a yi cikin minti biyar, aikin ya fito da kai da ƙafa.

Ga rabon awa 4: minti 15 zaɓe, minti 65 buruyon, minti 140 rubutu a takardar amsa, minti 20 dubawa. Ga na awa 2: minti 10 zaɓe da fahimtar batu, 25 buruyon, 70 rubutu, 15 dubawa.

Kowane ɗalibi ya kamata ya san saurin hannunsa. Abu ne mai sauƙi: a gida ya ɗauki shafi guda ya kwafe da rubutu mai kyau, ya duba agogo. In shafi ɗaya ya ci masa minti 12, to shafi huɗu minti 48 ne na kwafewa zalla, ba tunani a ciki. Wanda ya san wannan ba zai yaudari kansa da cewa rabin awa ta ishe shi ba.

Agogo

Duk wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da agogo, kuma a nan akwai matsalar da iyaye ba su cika lura da ita ba. Yaran yanzu a waya suke duba lokaci. Waya kuwa haramun ce a ɗakin jarabawa, wanda aka kama da ita ya jawo wa kansa babbar fitina, ko da ya ce lokaci kawai yake dubawa. Azuzuwanmu da yawa kuma ba agogon bango. Sai yaro ya zauna awa huɗu bai san inda rana take ba, yana jiran sirbeyan ya yi magana. Shi kuwa sirbeyan galibi sai an kusa tashi yake sanarwa, lokacin da ba sauran gyara.

Don haka a nemo wa yaro agogon hannu na gargajiya, mai nuna lokaci kawai, ba irin mai haɗuwa da waya ba. Ba sai sabo ba, aro ma ya isa: na baba, na kawu, na maƙwabci. A duba batirinsa, a saita shi daidai, kuma a ba yaron shi tun mako biyu ko uku kafin jarabawa don ya saba. In agogo mai hannuwa ne, a tabbatar ya iya karanta shi da kallo ɗaya. Kada a yi dariya, akwai manyan ɗalibai da ba su saba da shi ba.

Mintunan ƙarshe

Minti goma ko ashirin ɗin ƙarshe ba na fara sabon aiki ba ne. Na tsintar makin da ya zube ne. A duba an cika kan takarda da lambar tebur yadda aka umarta. A duba kowace amsa na ɗauke da lambar tambayarta. In an ƙara takarda, a tabbatar an haɗa ta. A lissafi da fizik a duba alamar ragi da ƙari, a duba an sa mita ko kilo ko sakan a bayan lamba. A Faransanci a duba ƙarshen kalmomi, jam'i da daidaiton aikatau, inda yawancinmu muke zubar da maki.

Kuma kada a yi gaggawar fita. Akwai masu ganin fita da wuri alamar ƙoƙari ce, su miƙa takarda saura minti arba'in, su fito suna taƙama a bakin ƙofa. Ba a ba da maki don an riga kowa fita. Wanda ya gama da wuri ya koma kan filayen da ya bari.

A tuna kuma kowane darasi na da nauyinsa, wato kowefisiyan. Maki 3 da aka zubar a darasi mai kowefisiyan 4, maki 12 ne suka tafi a jimilla. Irin wannan ne ke raba wanda ya kai muwayen 10 cikin 20 da wanda ya tsaya ƙasa da ita kaɗan. Sannan idan takarda ɗaya ta ɓaci, a bar ta a nan. Tsayawa a bakin ƙofa ana gwada amsa da abokai ba ya ƙara komai, sai dai ya ɗauke hankalin da ake buƙata a takarda ta gaba.

Masu zana jarabawar Najeriya

Muna da ƴan uwa da suka ƙetaro daga Damasak, Malam Fatori da sauran garuruwan tsallaken kogi, da kuma yaranmu da ke neman karatu a Maiduguri ko Damaturu ko Kano. Su jarabawar JAMB ta shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa 2, ana zaɓen amsa ɗaya cikin waɗanda aka jero. In aka raba, kowace tambaya sakan 40 ke gare ta. A nan ba a zama a kan tambaya. Ana yin zagaye ne: a zagayen farko a amsa duk wadda aka sani nan take, a tsallake mai buƙatar dogon lissafi. A zagaye na biyu a dawo kan waɗanda aka tsallake. Kafin lokaci ya cika a tabbatar ba a bar ko ɗaya ba amsa ba, bayan an cire amsoshin da aka tabbatar ba su ba ne. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya nemi inda zai taɓa ta tun kafin ranar, kada koyon riƙe linzami ya ci masa mintuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Raba lokaci abu ne da ake koya da maimaici. Wanda bai taɓa gwadawa ba, ranar jarabawa tsoro zai sa ya manta. A nemi tsofaffin takardun tambayoyi na shekarun baya wurin malamai ko yayyen da suka wuce. Aƙalla sau ɗaya a mako, a zauna a yi takarda guda cikakkiya: agogo a gaba, ba kaye, ba waya, ba tashi. Lokaci ya cika, a ajiye bik ko an gama ko ba a gama ba. Sannan a duba: a ina mintuna suka tafi? Wace tambaya ce ta riƙe ni? In da hali a yi shi da safe, a daidai lokacin da ake fara ta gaskiyar. Ƴan fada masu karatu tare na iya sa ɗaya ya zama sirbeyan, ya riƙe agogo, a yi ta karɓa-karɓa. Jarabawar gwaji da makarantu ke shiryawa ma a ɗauke ta da gaske, ita ce wurin yin kuskure kyauta.

Iyaye, naku aikin a nan yake. Yaro ba zai iya gwajin awa biyu ba idan kowane minti goma ana ƙwala masa kira. Musamman ƴaƴa mata: ɗebo ruwa, wanke-wanke, raino, aike kasuwa. A ɗaga musu ƙafa na awa biyu zuwa huɗu, sau ɗaya ko biyu a mako, har a gama. Wannan ba ya buƙatar ko dala.

Daren jarabawa a yi barci. Kwana ana shan shayi ana haddar abin da ba a koya ba cikin wata tara ba ya haifar da komai sai nauyin kai, wanda bai yi barci ba kuwa layi ɗaya sai ya karanta shi sau uku. Ƙwayoyin da wasu ke cewa suna hana barci ko suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, a nisance su. Tun da dare a haɗa takardar kira, katin shaida, bik biyu ko uku, fensir, abin ja layi da sauran kayan aiki, da gorar ruwa. Waɗanda suka zo daga ƙauye suka sauka wurin dangi, su je su ga cibiyar da ɗakinsu tun ana gobe, su san minti nawa ne tafiyar. A fito da wuri, domin lokacin damina ne, hadari na iya tasowa, adaidaita na iya yin wuya. Wanda ya shigo a makare yana haki, ba za a mayar masa da mintunan da suka wuce ba.

Malamai kuma muna roƙonku, a cikin makonnin da suka rage ku ware ko da awa ɗaya ku yi wannan lissafi tare da ɗalibanku a kan allo, da tsohuwar takardar tambayoyi a hannu.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa a fito da sakamako mai kyau, ya kuma zaunar da jaharmu da ƙasarmu lafiya.